Madaurin ƙasan gwiwa: yana rage zafi, amma ba shi ke warkar da ciwon Osgood-Schlatter ba

A kemis-kemis da shagunan kayan wasanni, kusa da safar gwiwa da bandeji, ana rataye wani siririn madauri da ake zagayawa a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Faɗinsa yatsu biyu ne zuwa uku, a gabansa akwai ɗan tudu na roba ko silikon, ana ɗaure shi da Velcro, wato ƙyallen nan mai ƙananan haƙora da ke mannewa da kansa. An fi saninsa a ƙafar manyan 'yan wasa masu ciwon jijiyar gwiwa, irin 'yan kwando da 'yan ƙwallon raga. Yanzu har iyaye na nemansa, musamman waɗanda yaronsu ɗan shekara 11 zuwa 15 yake dawowa daga fili yana ɗingishi, yana nuna wani ƙullutu a saman ƙaurinsa. Ra'ayinmu a kansa shi ne: a saya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da sauran kayan gwiwa, kuma yara da dama suna jin sauƙi da shi nan take. Sai dai duk wanda ya saye shi da niyyar ya zama maganin ciwon, ya sayi abin da ba a sayar masa ba.

Ciwon ya ɗauki sunan likitoci biyu ne, Robert Osgood na Amurka da Carl Schlatter na Suwizalan, waɗanda kowannensu ya yi bayaninsa a nasa ɓangaren a 1903. Tsokar gaban cinya, wadda ke miƙar da ƙafa, tana saukowa ta kan ƙoƙon gwiwa ta koma jijiya mai kauri, jijiyar ta je ta kama ƙashin ƙauri a wani ɗan tudu da kowa zai iya taɓawa a ƙafarsa. A jikin babba wannan tudun ƙashi ne tsantsa. A jikin yaro mai tasowa akwai sauran guringuntsi a wurin, bai gama ƙosawa ba. Idan yaro ya shiga shekarun miƙewa, namiji kan ƙara santimita 9 ko 10 a shekara guda, kuma a daidai wannan lokacin ne ƙarfinsa da yawan wasansa suke ƙaruwa. Kowane gudu, kowane tsalle, kowane harbin ƙwallo fizga ce a kan wurin. Kamar turke ne da aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa aka ɗaure masa ƙosasshen rago: igiyar lafiyarta lau, gindin turken ne ke girgiɗa.

Ba baƙon ciwo ba ne. Wani bincike a Birazil da aka buga a 2011 ya same shi a jikin kashi 9.8 cikin 100 na yara 'yan shekara 12 zuwa 15. A Finlan tun 1985 aka gano cewa kashi 21 cikin 100 na matasa masu wasanni sun yi fama da shi, alhali a cikin marasa wasa kashi 4.5 ne kacal. 'Yan mata suna rigan maza kamuwa da shekara ɗaya ko biyu domin sun riga su fara miƙewa. A cikin kowane yara 10 masu shi, 2 zuwa 3 gwiwoyinsu biyu ne ke ciwo.

Ire-iren da ke kasuwa

Wanda aka fi gani shi ne mai bututun roba a gaba, irin Jumper's Knee Strap na kamfanin Mueller da ɗimbin kwaikwayonsa. Girmansa ɗaya ne, an yi shi ya zagaye ƙafa daga inci 10 zuwa 22. Ga matashi mai jiki, ɗan shekara 15 ko 16, yana zama daidai, kuma bututun yana danna jijiyar yadda ake so. Ga siririn yaro ɗan shekara 11 kuwa, wutsiyar madaurin kan yi tsawo har ta zagayo ta hau kan bututun, shi kansa bututun ya zarce jijiyar ya kwanta a kan ƙashi ta gefe biyu. Da zarar ƙashi ya ɗauke nauyin matsin, jijiyar ba ta samun komai.

Na kamfanin Cho-Pat yana zuwa girma-girma, wannan kaɗai ya sa ya fi dacewa da ƙananan yara. GenuPoint na kamfanin Bauerfeind na Jamus shi ma girma-girma ne, saƙarsa tana da laushi, ba ta cin bayan gwiwa. Kaya ne mai kyau, amma kuɗinsa ya ninka na marasa suna sau da yawa, kuma yaron da ke ƙara tsawo kowane wata zai iya fin ƙarfinsa kafin shekara ta zagayo. Ba mu ga dalilin da zai sa uba ya takura aljihunsa a kansa ba, sai dai idan fatar yaron ba ta jure masu araha.

A cikin marasa suna, waɗanda aka fi samu a kasuwanninmu, akwai wani iri mai zobe biyu, hagu da dama, wanda ake jan wutsiyoyinsa biyu lokaci guda. Tsarin ya fi na mai wutsiya ɗaya, domin tudun yana tsayawa a tsakiya maimakon ya karkace ya bi hannun mai ɗaurawa. Rauninsa a ɗinki yake da kuma zoben. Kafin ku biya, ku ja wutsiyar da ƙarfi ku duba ko zaren yana buɗewa a gindin zoben, ku lanƙwasa zoben kaɗan ku ga ko robar tana yin fari, alamar za ta karye ke nan. Ku danna tudun da babban yatsa: idan ya lotsa ya ƙi dawowa, soso ne aka cusa, mako biyu ba zai yi ba ya kwanta.

Mai hawa biyu, wanda ke da madauri sama da ƙasan ƙoƙo, ba shi da wani ƙarin amfani a wannan ciwon, sai ƙarin zafi da zufa. Ita kuwa safar gwiwa da masu kemis suka fi saurin miƙowa, ɗumi kawai take bayarwa, tana zamewa, gefenta na ƙasa kuma sau da yawa a kan ƙullutun yake sauka.

Girma ya fi suna muhimmanci. A ɗauki tef ɗin tela, yaron yana tsaye, a auna zagayen ƙafar daidai ƙasan ƙoƙon gwiwa, a tafi kasuwa da wannan awon. In da hali a tafi da yaron.

Ɗaurawa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren iri ɗaya ne: ana ɗora tudun madaurin a kan ƙullutun, tunda nan ne yaron ya nuna. Wurin da ya riga ya kumbura, taɓa shi ma zafi yake yi, balle a matse shi awa biyu ana gudu. Mazaunin madaurin yana sama da ƙullutun, a kan jijiyar, tsakanin gindin ƙoƙon gwiwa da tudun ƙauri. A jikin babba wannan tazarar santimita 4 zuwa 5 ce, a jikin yaro ba ta kai haka ba, shi ya sa tudun madaurin da ya fi faɗin yatsa ɗaya da rabi ba ya samun wurin zama.

Yaron ya zauna a bakin kujera ya ɗan miƙe ƙafar, gwiwar a lanƙwashe kaɗan, cinyar a sake. A laluba gindin ƙoƙo da yatsa ɗaya, a laluba saman ƙullutun da ɗayan, a aza tudun a tsakiyarsu, a kan laushin. A ja har ya kama, amma yatsa ɗaya ya iya shiga ta bayan gwiwa ba tare da kokawa ba. Sannan ya miƙe ya yi taku goma, a sake dubawa, domin yakan sauka da zarar tsokar ta fara aiki.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko madaurin yana yi wa wannan yaron aiki. Kafin a ɗaura, ya sauko daga kan dakali ko matakala ɗaya a hankali da ƙafar mai ciwo a sama, sau biyar, ya faɗi yawan zafin da ya ji daga 0 zuwa 10. A ɗaura, ya maimaita. Idan 5 ta koma 3, ya yi amfani. Idan babu bambanci, a ɗan matsar da shi sama ko ƙasa da rabin santimita a sake. Idan har yanzu shiru, ko zafin ma ƙaruwa ya yi, a cire a ajiye. Ba kowace gwiwa ke karɓarsa ba.

Matsewa fiye da kima tana da nata haɗarin. A gefen waje na gwiwa, kusa da kan siririn ƙashin ƙafa, akwai jijiyar saƙo da ke wucewa dab da fata, kuma madaurin ta kusa da wurin yake bi. Idan yaro ya ce saman ƙafarsa yana yi masa jiri-jiri ko ya mutu, ko ya kasa ɗaga yatsunsa sosai, a kwance nan take. Haka idan ƙafar ta kumbura a ƙasan madaurin. Ba a kwana da shi, ba a zaman aji da shi. Na lokacin motsi ne: a ɗaura kafin a fara, a cire da an gama.

Yanayinmu ma yana da nasa tasirin. Da bazara, mai roba mai kauri yana tara zufa a bayan gwiwa ya kawo ƙuraje, don haka mai saƙar yadi ya fi. Da hunturu kuma yara suna shafa basilin, madaurin ya yi ta sulɓewa ƙasa har ya dira a kan ƙullutun, sai a goge wurin da tsumma kafin a ɗaura. Ƙura da ƙaiƙayi suna toshe haƙoran Velcro har ya daina kamawa, tsohon buroshin haƙori yana fitar da su. Wanki da ruwan sanyi da sabulu, a manne wutsiyar kafin a wanke, a shanya a inuwa. Rana tana cinye robar.

Abin da bincike ya nuna, da abin da ke faruwa bayan shekaru

Bayanin da ake yi shi ne madaurin yana ɗan sauya kusurwar da jijiyar ke jan ƙashi, ya raba nauyin. Mafi yawan gwajin da aka yi masa a kan manya aka yi. A Holan, a wani bincike da aka buga a 2016, an gwada shi a kan 'yan wasa 97 masu ciwon jijiyar gwiwa, aka ga zafi ya ragu lokacin tsuguno da ƙafa ɗaya. Sai dai filastar bogi da aka manna ba tare da ta matsa komai ba ita ma ta kawo sauƙi kusan haka. Wato wani kaso na amfaninsa daga jin an riƙe gwiwar yake zuwa. Wannan ba aibi ba ne, sauƙi sauƙi ne. Amma sauƙin na sa'ar da ake sanye da shi ne.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Shekara da shekaru abin da ake faɗa wa iyaye shi ne ciwon girma ne, zai tafi da kansa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko da zarar ƙashin ya ƙosa. Ga yara da yawa haka ne. Ga wasu masu yawan da ba za a kawar da kai daga gare su ba, ba haka ba ne.

A Denmak, Guldhammer da abokan aikinsa sun bi sawun matasan da asibiti ya tabbatar musu da ciwon, suka buga sakamakon a 2019. Cikin 43 da suka amsa, kashi 60 cikin 100 gwiwarsu na ci gaba da ciwo bayan kusan shekara 4, kuma fiye da rabin masu ciwon sun rage wasanni. Ya kamata a karanta wannan adadin da lura: mutum 84 aka nema, rabi suka amsa, kuma yaran da ciwonsu ya kai su gaban likitan ƙashi dama su ne masu tsanani. Duk da haka wani binciken na Denmak ɗin, wanda ya bi yara 51 tun daga farkon jinya, ya samu kashi 37 cikin 100 suna da sauran ciwo bayan wata 24. Kuma waɗannan yara ne da aka kula da su da kyau.

Tun 1990 ma Krause da abokan aikinsa a Ingila sun duba mutum 50 kimanin shekara 9 bayan ciwon. Kashi 76 cikin 100 babu abin da ya hana su na harkokin yau da kullum, amma kashi 60 ba sa iya durƙusawa ba tare da jin zafi ko rashin daɗi ba. Ƙullutun kansa ba ya komawa. Ƙashi ne ya tofo a wurin, zai zauna har tsufa, kuma babu madauri ko man shafawa ko dannawar da za ta mayar da shi. A wasu, kimanin 1 cikin 10, ɗan guntun ƙashi yana rabewa ya zauna a cikin jijiyar bai haɗe da uwar ƙashin ba, shi ne ke ci gaba da damun mutum bayan ya girma. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ana cire shi da tiyata, amma sai girma ya tsaya, domin taɓa wurin kafin nan zai iya sa gwiwar ta lanƙwashe ta baya. A Finlan an bi sawun matasan sojoji 107 da aka yi wa wannan aikin: bayan kimanin shekara 10, kashi 87 cikin 100 ba su da wata matsala a aiki da harkokinsu, kashi 75 sun koma wasanninsu kamar da, amma kashi 38 ne kawai suke durƙusawa babu zafi ko kaɗan.

Da wannan ma'aunin ya kamata a auna madaurin. Babbar illarsa ba a fata ko jijiya take ba, a cikin nasararsa take. Yaro ya ɗaura, zafi ya sauka daga 6 zuwa 3, koci ya ga yana gudu, sai a mayar da shi atisaye kwana shida a mako, ga wasan unguwa da yamma a kan busasshen fili, ga na makaranta. Fizgar da ta jawo ciwon tana nan yadda take, ƙararrawar da ke gargaɗi kawai aka rage wa sauti. Bayan wata uku sai a dawo ana cewa madaurin ya daina aiki.

Abin da ya kamata ya raka shi

Tsarin da ya fi samun shaida a hannu shi ne wanda Rathleff da abokan aikinsa suka gwada a kan waɗancan yara 51, 'yan shekara 10 zuwa 14, aka buga a 2020. Mako 12 ne. Bayan an kammala, kashi 80 cikin 100 sun ce sun samu sauƙi sosai, bayan shekara guda suka kai kashi 90. Amma ga abin da ya kamata kowane uba da koci su ji: a ƙarshen mako 12 kashi 16 ne kawai suka koma buga wasa, a ƙarshen shekara kashi 69. Babu rukunin kwatance a binciken, wato yaran da ba su bi tsarin ba, don haka ba duk sauƙin za a jingina wa tsarin ba. Abin da ya fito fili shi ne lamarin na watanni ne, ba na makonni ba.

Mako huɗun farko ana ajiye ƙwallo da gudu da tsalle. Ba kwanciya ake nufi ba, tafiya da keke a hankali suna nan muddin ba sa tayar da zafi. Kullum yaron ya zauna a kujera yana fuskantar bango, gwiwa a lanƙwashe, ya tokare bangon da ƙafarsa kamar zai miƙe ta, ya riƙe daƙiƙa 30, ya huta, har sau 10. Bayan kwana bibbiyu kuma ya kwanta rigingine, tafin ƙafa a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama ya sauke a hankali, sau 10, zagaye uku. Daga mako na biyar ake shiga jingina da bango a ɗan tsuguna a riƙe, sannan tsuguno, sannan taku gaba a sauka da gwiwa, ana ƙara zurfi sannu a hankali.

Komawa wasa kuma hawa-hawa ne, matakai 11: tafiya a hankali, tafiya da sauri, sassarfa, hawan bene, gudu matsakaici, tsallen igiya, tsalle, gudu mai ƙarfi da juyi, rabin atisaye, cikakken atisaye, sannan wasa. Doka ɗaya ce ke riƙe da tsanin duka: zafi kada ya wuce 2 cikin 10 lokacin motsin, bayansa, da kuma washegari da safe. Idan ya wuce, a sauko mataki ɗaya.

A kan wannan tsanin ne madaurin yake da gurbi, daga sassarfa zuwa sama. Shawararmu ita ce a riƙa tantance kowane sabon mataki ba tare da shi ba, ko da sau ɗaya ne, domin a ji gaskiyar abin da gwiwar ke faɗa. Idan ta ci jarrabawar babu madauri, to a sa shi a sauran kwanakin. Idan sai da shi ake iya matakin, lokacin matakin bai yi ba.

Bayan motsi, ledar fiya wata mai ƙanƙara a naɗe a tsumma, minti 10 zuwa 15 a kan ƙullutun, tana kwantar da raɗaɗi. Ban da yaro mai sikila, shi sanyi na iya tayar masa da ciwo. Farasitamol ko ibufurofen na 'yan kwanaki ba laifi idan ma'aikacin lafiya ya duba nauyin yaron ya faɗi adadi, amma shan su kafin wasa domin a iya bugawa ya fi laifin madaurin muni. Allurar sitiroyid a wurin ba a yin ta, tana raunana jijiya tana sirantar da fata. Simintin asibiti na makonni shi ma an bar yayinsa, domin cinyar ramewa take yi. Kuma tunda ba karaya ba ce, babu abin da mai ɗori zai ɗora. Murza ƙullutun da ƙarfi ƙara fusata shi yake yi, tsaga ko sakiya kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta a dab da ƙashin da ke girma.

Durƙuso

A nan madaurin bai ci ko maki ɗaya ba, kuma a nan ne ciwon ya fi daɗewa. Binciken Turai yana ambaton durƙuso a matsayin ƙaramar damuwa da ta rage. Ga yaron da zai kai gwiwarsa ƙasa sau 17 a raka'o'in farilla kaɗai kowace rana, ya kuma zauna a kanta tsakanin sujada da sujada da lokacin tahiya, ba ƙarama ba ce. Madaurin ba ya rufe ƙullutun, ga shi idan gwiwa ta naɗe gaba ɗaya yana shaƙe bayanta ya tura tudunsa ƙasa. A cire shi kafin salla.

Abin da ke taimakawa shi ne taushi a ƙasa: darduma mai soso, ko a ninka ta biyu a daidai gwiwa, ko matashin gwiwa irin na 'yan ƙwallon raga a ƙarƙashin wando. Wanda ya fi duka shi ne soson da aka yanke masa rami a tsakiya, ƙullutun ya faɗa ramin, nauyi ya sauka a kewaye. Mai gyaran kujeru zai iya yanka shi daga ragowar soso mai tauri, kaurin santimita 2. Wajen sauka, ya fara dafa ƙasa da hannu ya sauke nauyinsa a hankali maimakon ya faɗa a kan gwiwa. A makonnin da ciwon ya yi tsanani, rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya ya shafe shi, malamin unguwa zai yi masa bayani. Ya kuma dace a sanar da makaranta, ta boko da ta allo, cewa horon durƙuso da tsallen kwaɗo ba na wannan yaron ba ne.

Wanda bai kamata a saya masa ba

Ba duk ciwon gwiwar matashi ne Osgood-Schlatter ba. Nasa yana da adireshi: yaron zai sa yatsa ɗaya a kan tudun ƙauri ya ce nan ne, zafin yana tashi da motsi yana kwanciya da hutu. Idan zafin a gindin ƙoƙon kansa yake, wani ɗan'uwan ciwon ne mai suna Sinding-Larsen-Johansson, kulawarsu kusan ɗaya, sai dai a nan dole madaurin ya sauka ƙasa kaɗan kada ya taɓa ƙoƙon. Idan kuwa yarinya ta shafa tafin hannu a kewayen ƙoƙon duka ta ce ciki ne ke ciwo, musamman wajen hawan bene ko bayan dogon zama, wannan ciwon gaban gwiwa ne, motsa tsokar ƙugu da cinya yake so. Shi ma ba ya saurin tafiya: a birnin Aalborg na Denmak an bi matasa 'yan shekara 15 zuwa 19 masu ciwon gwiwa iri-iri, bayan shekara 5 kimanin 4 cikin 10 suna tare da shi.

Akwai alamomin da ba kemis za a nufa da su ba, asibiti ne kai tsaye. Ciwon da ke tayar da yaro daga barci, ko wanda hutu ba ya rage shi, ko kumburi mai ƙaruwa mako bayan mako, domin sankarar ƙashi ta matasa kewayen gwiwa ta fi kamawa. Zazzaɓi tare da gwiwa mai zafi da kumburi, musamman ga mai sikila, wanda ƙwayoyin cuta suka fi saurin shiga ƙashinsa. Ɗingishi da ƙafa a juye waje ga yaro mai ƙiba, domin zamewar kan ƙashin cinya a ƙugu sau da yawa a gwiwa ake jin ta, kuma jinkiri yana lalata ƙugun. Sai kuma yaron da ya yi tsalle ya ji ƙas, ya faɗi, ya kasa miƙe ƙafar: mai yiwuwa tudun ƙaurin ne ya ɓalle gaba ɗaya, aikin tiyata ne na gaggawa.

Ga wanda alamominsa suka tsaya a kan tudun kawai, likita kan gane ciwon da hannu, hoton ƙashi sai idan akwai shakka ko ciwon ya ƙi sauƙi. Sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na asibitin koyarwa na Shika a Zariya, duk suna da likitocin fisiyo da za su duba yadda yaron ke yin motsin su gyara masa. A tafi da madaurin ranar ganin likita, a ɗaura a gabansa ya duba mazauninsa. A sake auna ƙafar bayan kowane wata uku, tunda mai ita girma yake yi, kuma idan ya yi wata guda yana cikakken atisaye zafi bai wuce 2 ba, a fara barin madaurin a gida rana ɗaya cikin biyu.